Ranar da Aka Roƙi Malam Abdul-Kadiri Ya Tsawaita Addu'a

A zongon Salaga aka haifi Malam Abdul-Kadiri, a Yendi ya yi karatu, aure kuma ya zaunar da shi a Bawku, inda yake limancin wani ƙaramin masallaci a bayan kasuwar albasa. Mutumin kirki ne, kowa ya shaida. Aibinsa ɗaya ne: in ya ɗaga hannu zai yi addu'a, sai ya manta hanyar saukewa. A wajen suna tuwo kan huce har ya yi ɓawo, shi kuwa yana kan nema wa kakannin jariri rahama. A hankali mutanen unguwa suka koyi dabara: su gayyace shi da girmamawa, su ba shi kujera mai laushi, su miƙa wa wani addu'ar.

Shi ya sa ya yi mamaki ranar da Mubarika, jami'ar ofishin kula da jin daɗin jama'a, ta zo ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce addu'arsa suke bukata, kuma doguwa.

Wata tsohuwa ce, Mma Alimatu, aka daina gani a ƙofar gida. Maƙwabta sun ce ɗanta Zibrim, mai fataucin albasa, ya cika ɗakinta da buhuna, ya mayar da ita wani ɗan ɗaki kusa da awaki, kuma in zai tafi kasuwa yakan datse ta da kwaɗo, wai kada ta fita ta ɓata. Mubarika ta je gidan, nas Safiatu ma ta je, amma kullum Zibrim kan bi su ciki, ya zauna a gefen uwar, ya riƙa amsa mata tambaya. Ita kuwa ba za ta kunyata ɗanta a gabansa ba. In dai ba a same ta ita kaɗai ba, a ɗakin nan za ta ƙare.

Don haka suka raba aiki. Safiatu za ta duba jikin tsohuwa, Mubarika ta saurare ta, ɗan sanda ya jira a bakin hanya ko da magana za ta yi zafi. Malam shi ne zai riƙe Zibrim a zaure. Ya ɗan ja, ya ce addu'a ba igiyar ɗaure mutum ba ce.

Mubarika ta ce, "Baba Malam, ba mu ce ka ƙara komai ba. Ka yi yadda ka saba kawai."

Har suka isa gidan yana juya maganar, bai gane yabo ne ko tsiya ba.

Zibrim ya ji daɗin ganin liman, ya shimfiɗa tabarma. Da matan suka miƙe za su shiga ciki ya yunƙura zai bi su, sai Malam ya ɗaga hannu. Ba a tashi a bar liman da hannu a sama. Zibrim ya koma ya zauna.

Sai dai daga inda Malam yake yana hango ƙofar ɗan ɗakin, kwaɗo na reto, akuya na cin wani abu a kwanon da ke bakin ƙofa. Ganin haka, kansa ya ɗauke. Addu'ar da kan kai shi har azahar ta ƙare tun matan ba su gama cire takalmi ba. Zibrim ya fara kai tafinsa fuska zai shafa.

Malam ya yi wuf ya ce, "Da 'yan'uwanmu na garin Pusiga."

Daga nan hanya ta buɗe. Ya roƙa wa masu babur na Kulungugu tsari daga rami, manoman Kpandai doya mai kauri, malamansa na Yendi gafara, kowa da sunansa da sunan ubansa. Ya roƙi Allah ya tsare albasa daga ruɓewa, a nan ne amin ɗin Zibrim ya fi ƙarfi. Hannayen Zibrim suka gaji, ya dasa gwiwar hannu a kan cinya. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu har ta gaji. Shi kansa Malam yana ta laluben garin da bai ambata ba.

Yana cikin yi wa matuƙa jirgin kogi addu'a Mma Alimatu ta fito, ta dafa kafaɗar Safiatu, tana ƙifta ido saboda haske. Malam ya shafa.

Mubarika ta zauna kusa da Zibrim, ta yi magana a hankali. Ta ce tsohuwa ta faɗi komai da bakinta. Akwai gyambo a ƙafarta, yau za a kai ta asibiti. Ɗan sanda zai tafi da kwaɗon, su kuma za su riƙa zuwa bi da bi ba tare da sanarwa ba. Zibrim ya fara cewa ai don lafiyarta ya yi, tana mantuwa. Safiatu ta ce ta gwada ta, ba ta ga mantuwar da ta kai a rufe mutum ba, kuma ko da ta kai, ba da kwaɗo ake magani ba.

Tsohuwa ta dube shi ta ce, "Zibrim, na ce musu kada a tafi da kai ko'ina. Ɗakina nake so. Kafin in dawo ka kwashe albasarka, ba ita ta haife ka ba."

Zibrim ya miƙe, hannayensa duk sun mutu. Ya kama buhun farko ya kasa ɗagawa, sai da ɗan sandan ya shigo ya kama masa ɗaya gefen.