Gwangwanin Baƙin Fenti

Fiddausi na zaune a kujerun baya na wani ɗakin wasa a Wustul Balad, tsakiyar babban birnin Masar, ana gwajin wasan kwaikwayo mai waƙa. Idonta na kan wata doguwar mata baƙa, 'yar Sudan, lalle a yatsunta, tana buga ƙafa daidai da kiɗa. Ba ta san sunanta ba, amma daga tsayuwarta ta gane matar ta sha tsokana a jirgin ƙasa na metro saboda launin fatarta.

Wani ɗan wasa Bamasare na shirin shafa baƙin fenti a fuska don ya fito a matsayin mai gadi baƙar fata. Matar ta karɓe gwangwanin fentin a hankali.

"Khalas, ya isa haka, ɗan'uwa. In baƙin mutum ake so, ga ni."

Ta hau dandamali ta ɗaga murya da waƙa, makaɗa suka bi ta.