Wanda ya kai ƙarar Odell

Odell Purifoy ya tuƙa motar 'yan ƙwallon kwalejin garinsu har gashin kansa ya yi fari. Da ya ajiye aiki bai rabu da su ba. Kowace Asabar yana kujerarsa ta bakin fili, sanye da hula mai launin ƙungiyar.

Maƙwabcinsa Lemuel Gatlin kuwa babbar jami'ar ƙetaren kogi yake goyon baya, tutarta ma a kafe take a barandarsa. Tun suna samari suke tsokanar juna ta kan shinge, kuma tare suke zuwa kamun kifi.

A kakar wasan bara mahaifiyar Tavares Minter, ɗan wasan da ƙungiyar ke taƙama da shi, ta rasu a Greenville. Ba shi da mota. Odell ya saka shi a tsohuwar akori-kurarsa ya kai shi jana'iza, a hanya ya saya masa soyayyen kifi da burodin masara. To amma dokar wasa ta hana mai goyon bayan ƙungiya ya yi wa ɗan wasa wata alfarma. Ba a jima ba kwamitin hukunci ya dakatar da Tavares, a shekararsa ta ƙarshe, daidai lokacin da manyan ƙungiyoyi ke turo masu kallonsa. Odell ma aka hana shi shiga fili.

Wa ya faɗa musu? Mutum ɗaya ne ya ga fitarsu. Lemuel yana ba tumatirinsa ruwa a safiyar, har ya ɗaga musu hannu.

"Tsoho, yau ba ka je kallon yaranka suna shan kashi ba?" in ji Lemuel ta kan shinge wata Asabar bayan hukuncin.

"Ka fi ni sanin dalili," Odell ya amsa.

"Ni? Me na sani ban da tumatir?"

"Tumatirinka yana da ido. Da alama yana da waya ma."

Daga ranar Odell ya daina gaishe shi. Yakan zauna a baranda yana lura da wa ya shiga gidan Lemuel, wa ya fito. A garin kowa na cewa 'yan wasan waccan jami'a sababbin motoci suke hawa, ba wanda ya ce musu uffan. Shi kuma farantin kifi ya zama laifi. Matarsa Ernestine ta ce, "Zato zunubi ne, Odell." Ya ce ko da ya zama gaskiya? Ta ce to ya kawo shaida.

Bayan kakar wasa ta ƙare Tavares ya zo sallama, zai koma Greenville aiki a shagon kawunsa. Odell ya kawo zancen maƙwabcin nasa.

"Baba Odell, ba shi ba ne," Tavares ya ce. "Koci ne ya tambaye ni yadda na je gida, na gaya masa. Kwalejin da kanta ta kai ƙara. Wai makarantar da ta tona asirin kanta ana yi mata sassauci."

"An yi mata?"

"An yi mata. Ita ba a taɓa ta ba."

Odell ya cire hular, ya juya ta a hannu, ya rataye ta a ƙusa bayan ƙofa.

Washegari da safe ya ɗauki sandunan kamun kifi biyu ya tsaya a bakin shinge. Lemuel ya kashe ruwan, ya dube shi sama da ƙasa.

"Ka gama zargina ke nan, ɗan'uwa?"

"Ban gama ba," in ji Odell. "Na dai sami waɗanda suka fi ka cancantar zargi. Ɗauko tsutsa, mu tafi."

Hular tana nan a ƙusar har yau. Ranar Asabar kuwa, bakin kogi ake samunsu.