Masanin Waƙa a Tashar Pitowa

A tashar Pitowa da ke Garwa ga wani mutum cikin kwat a wannan zafin, gumi na bin wuyansa, jarida a hammata. Direbobi na ta sakin sabon faifan 'Yan Kogi, mawaƙan nan masu haɗa garaya da jita, shi kuwa sai yatsina yake.

"Shirme ne! Baitocin ba ma'ana," in ji shi da Faransanci.

Ina jin marubucin jarida ne, ya gama yanke hukunci tun daga gida. Can ya matsa kusa da mai shayi, ya rage murya.

"Malam, Fulatanci ne ko? Me suke cewa?"

Mai shayi bai ko ɗago ba. "Yallaɓai, ai mu muke jira ka gaya mana."