Kunnen Ladi Yana Kwance a Baro

Falalu mai tallar magani ya ɗauki ƙwayar da ake ɗura wa ragunan layya don su kumbura, ya sayar wa Ladi da sunan maganin ƙazwar kare. Ya san abin da ke cikin ledar. Ya san wadda ya miƙa wa ba ta karatu, ba ta kuma ji sai da ƙyar. Duk wannan bai hana shi ba.

Wanda bai san Ladi ba zai ce kare ne fa, mene ne na tada jijiyar wuya? To, a saurara.

An haifi Ladi a wani ɗan ƙauye gefen Faru, ƙasar Maradun. Tana yarinya mai tallar ƙuli-ƙuli sanƙarau ya ratsa garin, ya kwashi na kwasa. Ita ya bar ta da ranta, ya tafi da kunnuwanta. Na hagu ya mutu murus, na dama kuwa sai an kafa baki a kansa an ɗaga murya. Ta koyi kallon leɓen mutum ta tsinci magana, har ta kai in ana gulmarta daga nesa sai an juya baya. Ta auri Sallau, manomi mai sanyin hali, ya zame mata kunne shekara da shekaru. In an kira salla ya taɓa kafaɗarta, in an yi sallama ya nuna mata ƙofa. Da ciwon ciki ya ɗauke shi, ya bar mata gonar dawa a bakin daji da 'ya'ya mata biyu, duk suna ɗakunansu can wajen Bakura.

Ya rasu daidai lokacin da ƙarar babur ta zama abin tsoro a ƙasar nan. Kowa ya san yadda ake noma yanzu: hannu a fartanya, kunne a daji. In an ji gurnanin babura daga yamma, mutum ya yar da abin hannunsa ya shige inda Allah Ya nufa, domin mutanen daji ba sa jiran duhu, da rana tsaka suke ɗaukar mutum a gonarsa. Ladi tana da hannu, ba ta da kunne.

Wani Bafulatani daga Damaga, tsohon aminin Sallau, shi ya kawo mata ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin ranar da zai bar ƙasar da shanunsa. Gari ya ɗauki surutu, wai mace mai salla da kare a gida. Ta je wurin liman, ya ce karen tsaron gona ya halatta, ta dai ware masa kwano, kada ya shiga ɗaki. Ta sa masa suna Duna.

Babu wanda ya koya wa Duna, shi ya gane da kansa cewa haushi bai da amfani a wurin uwar gidansa. In ya ji babura tun suna bayan tudu, ba ya buɗe baki. Da gudu yake zuwa ya daki ƙwaurinta da ƙirji, ya wuce cikin kara, ita kuma ta bi shi. Sannu a hankali masu gonakin kusa suka daina dogara da nasu kunnuwan, domin kare na rigan su ji. Aka dinga cewa, in kun ga Ladi ta yar da fartanya, ku bi ta, ku yi tambaya daga baya. Murja, mai gonar da ke jikin tata, ƙawarta tun suna amare, takan tsaya a kan iyaka ta juyo da fuska don Ladi ta ga bakinta.

"Ke Ladi, wanga miji naki na biyu ya hi na hwarko saurin ji!"

"Kuma bai taɓa ce min miya ta yi gishiri ba," in ji Ladi. "Ke sai ki yi ta hwama da naki."

Da bazarar bana ƙazwa ta kama Duna. Susa dare da rana, har bayan kunnensa ya yi jini. Ranar kasuwa Falalu ya zo da baburinsa da lasifika da akwatin nan nasa mai maganin komai, daga basir har ciwon da ba a san sunansa ba. Ladi ta tsugunna ta yi masa bayani. Bai ko tambayi girman karen ba. Ya zaro 'yan fararen ƙwayoyi, waɗanda ake ce wa deksa, ya matso kusa da kunnenta.

"Hajiya, wanga shi na magani. Sahe da marece. In ya ƙare ki dawo, kada ki bari ya yanke."

Ga inda sharrin yake: susar ta tsaya. Kafin kasuwa ta zagayo Duna ya daina taɓa jikinsa, cinsa ya buɗe, cikinsa ya fara fitowa. Mu kuwa mutanen nan, in mun ga ƙiba mun ga lafiya, ko a mutum ko a dabba. Kowa ya ga Duna sai ya ce tubarkalla, Ladi ta iya kiwo. Har Murja ta ce ta ba ta ƙwaya biyu ta gwada ko za ta yi kumatu. Ladi ta yi ta komawa wurin Falalu, bazara ta wuce, damina ta sauka, bai taɓa cewa ya isa ba.

Sai abubuwa suka fara fitowa waɗanda ba su yi kama da lafiya ba. Ruwa ba ya isar Duna. Ya shanye kaskonsa, ya tafi bakin randa ya tsaya yana kallonta. Fitsari ko'ina. Gashin haƙarƙarinsa ya zube gefe da gefe, fatar ta yi siriri kamar ledar burodi, ƙaya kaɗan ta yage ta, raunin kuma ya ƙi warkewa. Ciki ya sauko kamar tulu, cinyoyi suka tsotse. Yana kwance a inuwa yana haki kamar wanda ya yi tseren zomo. Ladi ta ɗauka ƙazwar ce ta koma ciki, sai ta ƙara masa ƙwaya.

Balarabe, ƙanen marigayi Sallau, mai kiwon raguna, shi ya ga ledar a kan dangarama. Ya juya ta, ya sake juyawa.

"Yaya Ladi, wa ya ba ki wagga? Ita muka ba raguna dab da salla su cika ido. Ba a daɗewa ana ba su. In an daɗe, kashe su takai."

Ladi ta kwashe sauran ta zuba a masai, ta wanke hannu da toka. Wace uwa ce za a ce mata dafi ne a hannunta, ta ci gaba da bayarwa?

Ashe nan ne ramin na biyu. Ba a jima ba Duna ya ƙi abinci, ya yi ta amai, ya tashi ya faɗi. Da safe ta same shi jikinsa sanyi ƙalau, ido a kafe. Ta fita tasha, 'yan kabu-kabu suka ƙi ɗaukar ta. Wannan ya ce yawun kare zai ɓata masa tufa, wancan ya ce bai taɓa ganin an kai kare asibiti ba alhali mutane na mutuwa a gida. Balarabe ne ya fito da nasa babur. Ta naɗe Duna a buhu, ta ɗora a cinya, suka kama hanyar Talata Mafara, hanyar da mai lafiya ma sai ya yi addu'a kafin ya hau. Tafinta na kan haƙarƙarin Duna har suka isa, tana jiran bugun ya tsaya.

Likitar dabbobin da suka samu, Malama Surayya, ta yi masa allura da ƙarin ruwa, sannan ta jawo kujera ta zauna gaban Ladi, fuska da fuska, tana magana a hankali. Ta ce likitoci na kiran wannan cutar Kushin. Akwai wani ɗan abu a saman ƙodar kare da ke yi wa jiki irin sinadarin da ke cikin ƙwayar, daidai gwargwado. Da aka yi ta ɗura masa na waje, ya yi wa jikin yawa, shi ya kawo ƙishirwar da tumbin da zubar gashi. Nasa na ciki kuma ya ga ba a bukatarsa, ya yi barci. Da aka yanke ƙwayar rana ɗaya, jikin ya rasa na waje, ya rasa na ciki.

"Sai an mayar da shi kanta, Inna."

Ladi ta ɗauka idonta ne ya karanta ba daidai ba. "In ba shi dahin da hannuna? Ina sane?"

"Kina sane. Kina ragewa kaɗan-kaɗan, har nashi ya farka. Kada ki hana shi ruwa ko ya shanye rijiya. In ya yi amai, ko zawo, ko ya ƙi abinci, kada ki jira gobe. Ƙafafun nan kuma su za su dawo a ƙarshe, ki yi haƙuri da su."

Tun daga ranar Ladi ba ta sake sanin kwanciyar hankali ba. Ta sayi reza, tana raba ƙwayar da ba ta kai ƙwayar wake ba, tana cusa ɓarin cikin lomar tuwo da kan kifi. In ɓarin ya ɗan fi girma, ta ce ta ƙara masa cuta. In ya ɗan gaza, ta ce yau zai faɗi. Kowace safiya, kafin ta hura wuta, sai ta zagaya tsakar gida tana duba ƙasa ko akwai amai. In ya yi jinkirin lasar kwano, ta tsugunna ta taɓa jikinsa ko ya yi sanyi. Tsoro ta gaba, tsoro ta baya.

Dawa kuwa ba ta san ana jinya ba. Kaka ta yi, zangarniya ta sunkuya, tsuntsaye suka sauka. In ba ta girbe ba, me za ta ci? Ta fara fita da Duna, yana bin ta da ƙyar, suna tsayawa a hanya ya sha daga jarkar da ta goya. In sun isa ta kwantar da shi gindin kanya, ta shiga aiki. Murja ta hango su daga tata gonar, ta ɗaga hannu.

"Ango ya samu sauƙi! Yau mu yi aiki da rai guda."

Wata ranar Alhamis da hantsi Ladi ta yi nisa cikin kara tana yankan kan dawa. Rana ta yi kyau, iska na kaɗa ganye. Ba ta ji komai ba, kamar yadda ba ta taɓa ji ba. Sai da ta ɗaure dami ta fito bakin hanya, ta ga sawun tayoyi a kan nata sawun na safe. Ba ɗaya ba, ba biyu ba. Ta waiga gonar Murja. Ƙwaryar fura a kife, wuƙar girbi a ƙasa, takalmi ƙafa ɗaya.

Gindin kanya babu Duna. Abin da ke wurin wani jan layi ne a ƙasa, kamar an ja buhu, ya tashi daga inuwa ya shiga cikin kunyoyin dawa. Ta bi layin. Ta sami Duna saura kunya kaɗan ya kai inda take aiki, ƙafafun baya a miƙe, fatar ƙirjinsa ta saɓule, harshe a waje cike da ƙasa. Ya ji baburan tun suna bayan tudu, kamar kullum. Tashi ne ya gagara, ya ja ciki. Da ta tsugunna, ya ɗaga kai ya daki ƙwaurinta.

Tsayin dawa ne ya rufa wa Ladi asiri. Murja da mutum biyu aka tafi da su, har yau shiru. Wani da ya ɓuya a kwazazzabo ya ce ya ji Murja na kiran sunan Ladi, tana cewa ta gudu.

Sauran dawar na nan, ciki kuma bai daina neman abinci ba. Yanzu Ladi a baro take tura Duna zuwa gona, da jarkar ruwa a gefensa. Ta samo doguwar igiya, ta ɗaura baki ɗaya a wuyansa, ɗaya a ƙugunta, don ko ƙafa ta ƙi, kai zai iya fizga. In ƙuda ya dame shi ya girgiza, ta zube ƙasa cikin kara. In igiyar ta daɗe ba ta motsa ba, ta bar aiki ta bi ta da gudu ta ga ko yana numfashi. Haka take girbi. Ɓarin ƙwayar ya ragu, gashi ya fara tsirowa a gefe ɗaya, ƙafafu har yau da saura. Masu gonakin kusa sun daina kallon Ladi, da yawa sun daina zuwa ma.

Balarabe ya tari Falalu a kasuwa ya gaya masa abin da ya faru. Falalu ya rage ƙarar lasifika, ya ce, "Ni na ce ta yi ta ba shi? Kare na hwa, ba mutum ba!" Ya mayar da ƙarar, ya juya ga wasu 'yan mata biyu da suka zo neman maganin ƙiba. Ledar da ya zaro musu, ita ce dai.

To, sarkin kasuwar da ke ba shi wurin kafa babur, da ku da aka ɗauka aiki don duba abin da ake sayar wa jama'a da sunan magani, duk kun san Falalu, lasifikarsa ba a ɓoye take ba. Ku ƙwace akwatin nan kafin kasuwa ta sake ci. Ku sa shi ya tsaya a tsakiyar kasuwa, da lasifikar tasa, ya faɗi sunan ƙwayar da abin da take yi, ya kuma gaya wa duk wanda ya daɗe yana sha kada ya yanke rana ɗaya, ya je asibiti. In kuwa kun ce maganar kare ba ta kai ku tashi daga kujera ba, ku zo gonar Ladi, ku kwance igiyar daga ƙugunta, ku tsaya ku zame mata kunne har ta gama girbi.