Safiyar da Karfasa Suka Taso

Komai zan manta a rayuwata, ban da safiyar da kifinmu ya mutu. Lokacin Argungu tana cikin Jihar Sakkwato, a shekarun farin nan da gulbi ya janye har masunta suna dawowa hannu wofi. Maigidana masunci ne, ni kuma bandar kifi nake yi. Da abin ya tsananta sai ya sayar da kwalekwalensa, ya haƙa tafki a fadamarmu, ya zuba 'ya'yan kifin karfasa.

Wani malamin gona daga Birnin Kebbi ya koya masa dabarar. Ya ce a riƙa zuba kashin kaji kaɗan-kaɗan, ruwan zai yi kore da wata gansakuka mai laushi, ita ce abincin kifin. In ya tsoma hannu har gwiwa ya daina ganin tafinsa, to ya dakata. Haka kuwa aka yi. Kifi ya soma ƙiba, Malam, maigidan nawa, ya koma dariya a gida, abin da na daɗe ban ji ba.

Sai zumuɗi ya shiga. Ya riƙa bin gidaje yana kwaso taki buhu-buhu, ruwan ya yi kauri kamar miyar kuka. Na ce, "Malam, ruwanga fa ya fara wari." Ya ce, "Ke dai tanadi iccen banda."

Aka yi kwanaki hadari na rufe rana, ba ruwa ba iska. Wata safiya na kai masa kunu, na iske shi tsaye cikin tafkin, ruwa iya ƙugu. Kifi duk sun taso, ciki sama, 'yan da suka rage suna ta buɗe baki. Yana ɗagawa ɗaya bayan ɗaya yana saki. Na ce, "Mi ya faru?" Ya ci gaba da ɗaga kifin. Daga baya malamin gonan nan ya ce gansakukar ce ta yi yawa, ta ruɓe, ta shanye iskar da kifin ke shaƙa.

Abin da na banda bai cika kwando ba, sauran muka binne. Bayan damina Malam ya tafi cirani kudu, can ciwo ya kama shi, labarinsa kawai ya dawo mini.

Ban taɓa ganin laifinsa ba, yunwa ce ta sa shi gaggawa. Amma tun ranar na san ko abin alheri ne yana da iyaka, in aka ce ya isa, a tsaya.