Tsakiyar Fili da Kurkunu a Ƙafa

Duk wanda ya ce mini tanis wasa ne, kallonsa kawai nake yi. Ni ban taɓa buga shi don nishaɗi ba. A shekarun nan na bayan babban yaƙin duniya ina malamin gona a Haɗejiya, ƙarƙashin wani Bature dogo mai jan wuya. Abokan aikina duk an watsa su ƙauyukan fadama, ni kaɗai aka bari a gari, kuma ba don na fi su sanin gyaɗa ba. A makaranta a Kano aka koya mini tanis, shi kuwa Baturen ba shi da abokin bugu. Dalilin ke nan. Kowace la'asar sai in tafi bariki, filin da aka daɓe da ƙasar suri, in yi ta gudu har ya gaji.

Zaman garin nan kuwa rai ne a wurina. 'Yata ta fari, 'yar ƙarama, tana da fuka. In ta taso mata sai ka ji ƙirjinta yana kuka kamar tsohuwar ƙofa, kuma allurar asibiti ce kaɗai ke sauko mata da numfashi. A kafaɗa nake kai ta, don ba nisa. A fadama kuwa, da damina ta kankama kogi ya cika, hanya ta yanke sai kwalekwale.

Ana haka kurkunu ya ɓullo mini a idon sawun dama, sakamakon ruwan tafkin da na sha a rangadin bara. Wanda bai sani ba, tsutsa ce fara doguwa. A tsinke ake naɗe ta, kullum a jawo kaɗan. In ta tsinke a ciki, ƙafa ta kumbura ke nan, mutum ya yi watanni a kwance. Matata ce ke naɗe mini kowace safiya.

Ta ce, "Malam, ka gaya masa ba ka da lafiya mana."

Na ce, "In gaya masa ya nemo mai ƙafa biyu? Sai mu fara naɗe tabarmi."

Makamin Baturen ɗaya ne, bugun karkace. Zai yanko ƙwallo ya faɗi can bakin layin gefe ya fice, sai ka bi shi har gindin tsamiya, kafin ka dawo ya aika wani ɗaya ɓangaren. Da ƙafa mai lafiya ma wahala ce, balle da tsutsa a naɗe.

Na zauna a tsakar gida na zana filin a ƙasa, na yi ta kallonsa. Sai na ga ashe ni nake ba shi karkacen da hannuna. In na kai masa ƙwallo gefe, na buɗe masa fili gaba ɗaya. In ƙwallona ya faɗi gajere ya matso kusa da raga, abin ya fi muni. Amma in na aika shi tsakiya, can ƙarshen fili, da ɗan tsayi, ya faɗi dab da ƙafarsa, to ba shi da inda zai karkatar. In ya nace sai ya karkatar, ko ƙwallon ya fita waje ko ya ci raga. In kuma dole ta sa na buga gefe, ba na komawa tsakiya sosai, sai in ɗan gusa ɓangaren da karkacen zai biyo in jira shi.

Na sa doguwar safa na rufe tsinken, na je. Wallahi dabarar ta ci. Ɗan taku nan, ɗan taku can, shi ke nan aikina. Baturen ya yi ta zubar da ƙwallo yana ƙunƙuni da harshensu. Har cinye shi na riƙa yi, abin da ban taɓa yi ba da ƙafata lafiya.

Ashe ba don cin wasa ya ajiye ni ba. Gudu yake son gani.

Wata la'asar ya ce da gurguwar Hausarsa, "Malam, yau ma tsakiya? Kai tsohuwa ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, hannu ne ya saba."

A ranar akwai wani sabon ma'aikaci da ya fito makaranta, yana zaune a benci da farin takalmi yana kallonmu. Na gan shi, na kuma san abin da ya kawo shi. Can sai Baturen ya ɗan taɓa ƙwallo, ya faɗo bayan raga kamar ɗanyen ƙwai. Wannan kam tsakiya ba ta maganinsa. Na ruga. Na ji abu ya yi ɗas a cikin safa. Na mayar da ƙwallon kuwa, na rantse na mayar. Baturen ya tafa hannu ya ce, "Yawwa! Haka nake so."

Kafin sati ƙafar ta zama turmi. Da na fara dogara sanda, an riga an ba mai farin takalmi kujerata, ni kuma an tura ni wani ƙauye gaba da Kirikasamma. Na ja ƙafa na je na gaya wa Baturen zancen yarinyar. Ya saurare ni tsaf, ba faɗa ba tsawa, ya ce iskar ƙauye za ta yi mata kyau. Har yau in na tuna wannan magana sai raina ya ɓaci.

Tsakiyar damina fukar ta taso mata da hantsi. Na sungume ta muka shiga kwalekwale za mu asibiti, uwar tana riƙe da ƙafafunta, mai fito yana tura gora cikin ciyawar ruwa. Ko'ina ruwa, gonakin shinkafa duk sun nutse.

Ta buɗe ido ta ce, "Baba, mun kusa?"

Na ce, "Mun kusa."

Ko rabi ba mu yi ba. Da kukan ƙirjin ya tsaya, numfashin ma ya tsaya, ni na ce wa mai fito ya juya.

Lokacin ƙafar ta riga ta warke sarai. A kanta na tsaya na fito da yarinyar daga kwalekwale.