Akwatin Baba Nasiru da Ƙwaryar Baƙo

A gidanmu na Ƙaura Namoda, murhun Kaka Ige ba ya mutuwa don an sauke tuwo. Sauran matan gida sukan janye itace su yayyafa masa ruwa, ita kuwa sai ta ƙara kara, ta jawo 'yar kujerarta ta zauna tana juya gyaɗa a cikin toka mai zafi. Kafin a dawo daga sallar isha'i mu jikokinta mun kewaye ta. Ita ta haifi babanmu. Mutuniyar Birnin Tsaba ce, kuma har ta bar duniya harshenta bai baro can ba. Sunanta aka sa mini, don haka ba ta kirana da komai sai takwara. Idan za ta fara tatsuniya takan ƙwanƙwasa ƙasa da karan da take tona wuta, ta ce, "Ga wata nan ta yi sallama." Mu kuma mu haɗa baki mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Haka muke har shekarar da aka ƙaddamar da shari'a, lokacin jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba. Mutane na murna, amma kowa ya shiga taitayinsa. An rufe silima, masu gidajen kallo suka yi shiru, kuma abin da a da ba wanda zai ɗaga kai ya duba, yanzu sai ka ji ana tambayar ko ya halatta.

A wannan lokacin ne Baba Nasiru, ƙanen babanmu kuma autan Kaka, ya ɗauko aikin da ya hana gidanmu sakat. Gyaran rediyo da talabijin yake yi a wata 'yar rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa. Yana da ɗaki ciki da falo daga bakin zaure, da wata talabijin mai ƙaton ƙeya da ya gyara wa kansa. Duk ranar kasuwar Shinkafi sai ya hau mota ya tafi wurin 'yan gwanjo masu shigo da tsofaffin kaya ta Nijar, ya dawo da wani abu a ƙunshe cikin tsumma. Yau ɗan allo ne kore mai ƙananan ƙuraje a jiki, wani makon fanka ce da ba ta kai tafin hannuna ba, wani makon wayoyi masu faɗi kamar ɗamara. A ƙarshe ya shigo da akwatin ƙarfe fari wanda ya yi tsatsa a kusurwa. Ya ce kwamfuta zai haɗa, ya jona ta da talabijin ɗin falo, a riƙa kallo a kuma riƙa wasa. A gidan nan kaf ba wanda ya taɓa taɓa kwamfuta.

Don kada mu yara mu ɓata masa kaya, sai ya riƙa sakin labule yana sa sakata. Wata rana ya roƙi Kaka tuluna biyu da ta daina amfani da su, bai faɗi dalili ba. Ashe sifikun tsohuwar rediyo zai kifa a bakinsu don murya ta yi kauri. Ranar da ya fara gwadawa, wani ruri ya taso daga falon, kaji suka watse, akuyar da ke ɗaure ta kusa tsinke igiya. Kaka ta dafe ƙirji ta ce, "Tulun da nika shan ruwa ciki, yau shi ka ruri awa bijimi? Nasiru, mi kas sa mishi?"

Daga bayan labule ya amsa yana dariya, "Inna, sauti ne kawai."

"Sautin wa?"

Ya ci gaba da aikinsa. Ita kuwa daga ranar ta juya kujerarta yadda idonta zai riƙa kaiwa ga ƙofarsa.

Ba ita kaɗai ke kallon ƙofar ba. Da magariba ta wuce sai abokansa samari su sulalo ɗaya bayan ɗaya, takalma su taru a bakin falo, a mayar da sakata. Daga waje kana jin gudun mota, da ihun taro kamar a filin ƙwallo, wani lokaci har da ƙarar da ta yi kama da harbi. Wata maƙwabciyarmu ta tare mahaifiyata a bakin famfo ta tambaye ta, cikin murmushin da ba na alheri ba, ko nawa ake biya a shiga. Aka ce gidan kallo ya buɗe a ɓoye. Aka ce finafinan da aka hana ne yake nunawa. Wasu suka ce caca ce. Mutane suka fara zuwa rumfarsa suna karɓe rediyonsu ba a gama gyara ba. Mafi zafi, mahaifin yarinyar da yake nema da aure a Banga ya aiko cewa a ɗan dakata da maganar tukuna. Babanmu ya yi masa magana, shi kuwa Baba Nasiru, da yake mutum ne mai taurin kai, ya ce tunda ya san ba ya aikata haram, ba zai buɗe ƙofarsa don bakin mutane ba.

Mu ma akwatin ya janye mu. Yayyena maza suka fara ɓacewa daga bakin murhu, sannan mu mata muka koma leƙe ta ramin taga. Ta nan na ga wata jar mota a cikin talabijin tana bin duk inda yatsun Baba Nasiru suka kora ta. Na kasa gane yadda mutum yana zaune a tabarma zai tuƙa abin da ke cikin gilashi. Kaka ba ta kira kowa ba. Takan gasa gyaɗarta, ta ba wanda ya zo.

Sai wata ranar da aka ɗauke wuta tun la'asar, janareton Baba Nasiru kuma ya ƙi tashi. Muka dawo bakin murhu gaba ɗaya, muna sunne kai. Ta dube mu ɗaya-ɗaya, ta ƙwanƙwasa ƙasa da karanta.

Ta ce a wani ƙauye, farkon damina, wani baƙo ya sauka da ƙwarya rufe da faifai. Ya kafa bukka a bayan gari, ya ce duk mai so ya shigo shi kaɗai ya leƙa. Wanda ya ɗaga faifan sai ya ga abin da ransa ya fi so: wani ya ga birni mai ƙofofin azurfa, wata ta ga ɗanta da ya tafi cin rani bai dawo ba. Baƙon ba ya karɓar ko ƙwayar gero. Kowa ya ce ba a taɓa baƙon kirki irinsa ba, sai wata yarinya mai kiwon awaki da abin bai kwanta mata ba. Ta tambayi uwarta, "Wagga ƙwarya tana ba kowa, to ita mi taka ci?" Uwar ta ce ta rufe baki.

Kaka ta rage murya, muka matso har gwiwoyinmu na taɓa duwatsun murhu. Ta ce mutum zai shiga bukkar da hantsi yana cewa yanzu zai fito, sai ya fito ya tarar rana ta faɗi. Ciyawa ta fara cinye gero. Mutanen gari suka shiga zargin juna: wannan ya ce wancan ya yi wa gonarsa baki, wancan ya ce matar wannan mayya ce. Kowa yana ɓoye cewa yana zuwa bukkar, kowa kuma yana zaton abin da ɗan'uwansa ke gani a ciki mugun abu ne. Yarinyar nan ta laɓe a bayan bukka da yamma, sai ta ga baƙon ya karkata ƙwaryar yana shanye wani abu fari kamar nono. Yana sha, furfurarsa tana baƙi. Ashe wunin mutane ne ke taruwa a ciki, da shi yake sabunta ƙuruciyarsa.

Yayana ya yi wuf ya ce, "Sai ta fasa ƙwaryar!"

Kaka ta girgiza kai. "In ta hwasa, wa za ya yarda da ita? Sai a ce ta yi ma baƙo ɓarna."

Ta ce yarinyar ɗaukar ƙwaryar ta yi ranar kasuwa, ta aje ta a tsakar fili da rana tsaka, ta yaye faifan gaban dattawa da mata da yara. Kowa ya leƙa tare da kowa. Birnin yana nan, kyakkyawa kamar kullum, amma da yake akwai mai taɓa kafaɗarka ya ce lokacin noma ya yi, ƙwaryar ba ta ƙara samun abin ci ba. Baƙon ya tsufa a wuni ɗaya, ya ja sandarsa ya bar gari. Kaka ta tura toka a kan garwashi ta ce, "Ta naɗe tabarmarta, ta yi gaba. Ku tashi."

Na kwanta ina ganin na gane: Baba Nasiru ne baƙon, Kaka kuma haushi take ji an ƙwace mata mu.

Ba a yi mako ba, bayan sallar la'asar, sai ga sallama a zaure. Limamin masallacin unguwa ne, da mai unguwa, da wasu samari biyu 'yan agaji. Suka ce sun zo ganin abin da ake magana a kai. Matan gida suka yi cirko-cirko a tsakar gida, mahaifiyata na ta salati a hankali. Baba Nasiru ya taso. Ya zare sakata, Liman ya ce a ɗage labulen gaba ɗaya, a bar ƙofa a buɗe. Aka tayar da janareto. Suka sa ya nuna musu fayafayan kwamfutar da ke wurin ɗaya bayan ɗaya: wasan tseren mota, wasan ƙwallo, wani na yaƙin jiragen sama, da finafinai na tarihi da na namun daji. Liman ya ware guda biyu ya ce waɗannan akwai raye-rayen da ba su dace ba, a fitar da su. Ya daɗe yana kallon jar motar nan, sannan ya tambaya ko ana sa kuɗi a kan wanda ya ci. Aka rantse masa ba a yi. Ya ce to, ƙofa ta zauna a buɗe, da an kira salla a kashe, yara kuma sai sun dawo daga makarantar allo.

Suna fita gida ya kaure da tambayar wanda ya kai ƙara. Wasu suka ce maƙwabciyar nan ce ta bakin famfo. Baba Nasiru ya ce shi ya san wani mai gyaran rediyo da ke baƙin ciki da shi, har ya fara neman takalmansa zai je ya same shi. Kaka tana zaune tana ɓarar gyaɗa, ba ta ɗago ba ta ce, "Aje takalminka. Ni nit tahi wurin Liman."

Baba Nasiru ya ce, "Inna, ke? Ni za ki tona wa asiri?"

"In akwai asiri, gara ya tonu gabana da ya tonu gaban alƙali. In babu, to yau gari ya gani da idonai. Ni kaina ban san mi kaka yi ciki ba, kuma ni nih haihe ka."

Ya juya ya shiga ɗaki. Ya ɗauki lokaci yana gaishe ta a tsaye, a taƙaice. Amma Liman ya faɗi abin da ya gani a majalisar ƙofar masallaci, rediyoyi suka dawo rumfa, kuma bayan an yi girbi aka kai kayan aure Banga.

Kada a zaci Kaka ta saki jiki da akwatin. Ko sau ɗaya ba ta taka cikin falon ba. Iyakarta ta sa a kai mata kujera bakin ƙofa, ta zauna a karkace tana kallon fuskokinmu maimakon gilashin. Idan ta ga bakin wani ya saki, idonsa ya daina ƙiftawa, sai ta miƙa kara ta zungure shi ta aike shi ɗebo ruwa.

Na daɗe ina ɗaukar abin da ta yi a matsayin tsoron tsohuwa ga sabon abu. Sai da na yi aure na haifi nawa na gane zarginta ya fi haka zurfi, kuma ya fi haka adalci. Ba ta yanke wa ɗanta hukunci ba, ba ta kuma wanke shi don ɗanta ne ba. Ta yarda cewa ba ta sani ba, ta nemi a duba da rana, ko da hakan zai sa ya yi fushi da ita. Yanzu abin kallon ya ƙanƙance har yana shiga aljihu, ba labulen da za a ɗage, ba Limamin da za a kira. Kwanan baya babban ɗana ya haɗa tasa kwamfutar ta wasa da hannunsa, ya ce a ɗakinsa zai aje. Na ce a falo za ta zauna, jikin talabijin ɗin kowa. Ya dube ni ransa a ɓace ya ce, "Umma, ba ki yarda da ni ba ke nan?"

Na ce masa, "Da kai na yarda. Ita ce ban gama sani ba tukuna."